Na'urar XRF fatar dutse kaɗai take gani

Har yanzu raina yakan ɓaci idan na ji wani ya ce, "Ai mun harba masa na'ura, dutsen lafiya lau yake." Na'urar XRF ake nufi, wadda ke harba hasken X-ray a kan dutse ta gano sinadaran da ke cikinsa daga hasken da ya dawo mata. Wannan maganar ce ta ci mana kuɗin tifa a wani aikin kwalbati da muka yi a wajen garin Katsina, ta hanyar Dutsin-Ma.

Yawancin dutsen da ake fasawa a yankinmu giranit ne, ba kasafai yake ɗauke da farar wuta mai yawa ba, shi ya sa mutane suka saki jiki. To amma mai kawo mana tsakuwa ya sauya rami bai gaya wa kowa ba. Yaronsa ya zo da takarda, wai an auna da XRF ta hannu, farar wutar ba ta taka kara ta karya ba. Na tambaye shi yadda aka yi awon. Ya ce an ɗora bakin na'urar a kan manyan duwatsun da ke saman tuli, lokacin kuma hunturu ne, ƙura ta lulluɓe komai.

Matsalar ke nan. Hasken da farar wuta ke mayarwa cikin na'urar rarrauna ne ƙwarai. Ƙura tana tare shi, danshi yana tare shi, ledar da aka zuba samfur a ciki ma tana cinye shi, har 'yar iskar da ke tsakanin bakin na'urar da dutse mai gargada. Faɗin idon na'urar kamar milimita 8 ne kawai, kuma ba ya shiga ciki. Wanda ya yi wancan awon, ƙurar hunturu ya auna.

Na sa lebura ya fasa mini wasu da guduma. A cikin baƙaƙen sai ga 'yan ƙwayoyi suna ƙyalli ruwan zinare, wasu a jere cikin siraran jijiyoyi. Pyrite ne, ƙarfe da farar wuta a haɗe. Idan iska da ruwa suka same shi yakan yi tsatsa ya saki asid, abin ya shiga siminti, kankare ya kumbura daga ciki ya tsattsage. Ba a shekarar farko yake nunawa ba. A Connecticut ta Amurka da Trois-Rivières ta Kanada, ɗan'uwansa pyrrhotite ya lalata harsashin gidaje masu yawa, masu su na ciki ba su sani ba. Saboda irin wannan haɗarin ƙa'idar Turai ta EN 12620 ta tsayar da farar wuta a tsakuwar kankare kan kashi 1 cikin 100, idan kuwa akwai pyrrhotite sai ta sauko zuwa 0.1.

Muka ɗebo daga sama da tsakiya da gindin tuli, muka shanya, muka daka har ya zama gari, muka danne shi a ƙoƙon awo. Na'ura guda, dutse guda, amma lambar ta yi tsalle ta haura iyaka. Alhajin da ke da kwangilar ya dube ni ya ce, "Injiniya, wacce zan yarda da ita?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya sayi buhun gero don ya ga na baki yana da kyau, sai ya je gida zai san abin da ya saya."

Ko garin ma ban tsaya a kansa ba. Na'urar ba ta bambance farar wutar pyrite da ta jifsam (farin ma'adinin da ake yin POP da shi), dalma kuma tana iya rikita mata lissafi. Sai da aka kai ɗakin gwaje-gwaje aka ƙona samfurin a tanderu, sakamako ya fito ya goyi bayan awon gari. (Af, na ga yara suna riƙe dutse a tafin hannu suna harba masa. Hasken X-ray ne fa, a ajiye dutsen a ƙasa.)

Allah ya taimaka ba a kai ga zuba kankare ba. Amma tsakuwar ta riga ta sauka, sai da aka sake biyan tifa aka kwashe ta, birkiloli suna zaune ana biyansu. Mai tsakuwa ya kafe cewa takardarsa ta nuna lafiya, kuma har yau bai mayar da ko sisi na kuɗin dakon ba.