Kada Ku Fara da "A Yi Haƙuri"

Ƙannena da kuka shiga aikin kula da ma'aikata a Garwa, Marwa ko Ngaundare a ƙasar Kamaru, duk ranar da wata ma'aikaciya ta turo ƙofar ofishinku ta ce shugabanta ya matsa mata da neman lalata, abin da zai fara zuwa bakinku shi ne "a yi haƙuri". Haka muka tashi. Rigimar gona ko ta kasuwa, a zauren mai unguwa ake kashe ta da sulhu. To, wannan ba irin waccan ba ce, kuma sai da na cuci wata baiwar Allah kafin na gane.

Mai rubuta kaya ce a siton wani kamfani da na yi wa aiki. Shugaban sashenta yana aika mata saƙo cikin dare, da ta ƙi, sai ya fara riƙe takardar ƙarin girmanta. Na kira su biyu na zaunar da su gaba da gaba. Mutumin ya isa ya haife ta, "Baba" ma take ce masa. Ta sunkuyar da kai ta ce ba komai, ya wuce. Na rubuta cewa an sasanta, alhali kunya ce da tsoro suka rufe mata baki. Don in raba su, sai na mayar da ita wani reshe nesa da gidansu, shi kuwa yana nan kan kujerarsa. Sauran mata suka ga abin da ƙara ta jawo mata. Daga nan ba wadda ta sake zuwa, ni kuma ina ta bugun ƙirji wai wajenmu babu matsala.

Ku sani wannan laifi ne a doka. Kundin hukunta laifuka na Kamaru, na 12 ga Yuli 2016, a sashe na 302-1, ya tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara ɗaya da tarar sefa 100,000 zuwa 1,000,000 ga wanda ya yi amfani da muƙaminsa ya takura wa wani don neman lalata. Saboda haka ba ku da hurumin hana mace zuwa wurin 'yan sanda ko sufeton ƙwadago. Ku gaya mata da bakinku cewa waɗannan ƙofofi a buɗe suke.

Ku saurare ta ita kaɗai, da harshen da take iya kuka da shi. Rahotonmu da Faransanci ake rubuta shi, amma yawancin masu shara da masu ɗinkin buhu Fulatanci ko Hausa suke ji. Na taɓa kiran mai gadi ya yi mini tafinta don yana kusa. Kafin la'asar labarin ya kai wurin masu shayi a bakin ƙofa. Ku nemo mace daga waje, wadda ba ta cin abinci a kamfanin. Ku rubuta kalmomin mai ƙara yadda ta faɗe su, da rana da wuri, a karanta mata, ta yarda, sannan ta sa hannu. In akwai saƙonnin WhatsApp, a ɗauki hotonsu nan take, lambar da ranar suna fitowa, kafin a lallashe ta ta goge. Kada ku yi mata alkawarin cewa ba wanda zai ji, don wanda ake tuhuma dole ya san abin da ake tuhumarsa da shi. Ku ce mata wanda bincike ya shafa ne kawai zai ji. In kuma sai an raba su kafin a gama, wanda aka kai ƙara shi ne zai matsa.

Bayan na ƙone da wancan, sai na zarce. Wani ƙorafi ya zo, na sa aka kori mutum ba tare da na ba shi takardar neman bayani ba. A gaban sufeton ƙwadago, wanda dokar aiki ta 14 ga Agusta 1992 ta ce a fara bi ta wurinsa kafin kotu, aka ce in kawo hujja, sai zufa. Ko mutumin ya aikata ko bai aikata ba, har yau Allah ne masani, don ban bincika ba. Ku ba wanda aka kai ƙara tuhumar a rubuce, ya amsa a rubuce, ku ji shaidun kowa ɗaya bayan ɗaya. Dakatarwa ta horo ba ta wuce kwana takwas na aiki, kuma ana sanar da sufeto cikin awa 48. In wakilin ma'aikata ne, ba a korarsa sai da izinin sufeto.

Nuna bambanci ya fi wuyar kamawa, don ba wanda zai ce maka na hana ta muƙami saboda ƙabilarta, ko addininta, ko don tana da ciki. Nan takardu ne shaidunku. Ku jera mutanen da suka shigo lokaci ɗaya da takardar karatu iri ɗaya, ku duba albashinsu da wanda aka tura horo da wanda aka bari. In mace ta dawo daga hutun haihuwa na mako 14 ta tarar an ba wani kujerarta, ku tambayi wanda ya sa hannu dalilinsa a rubuce.

Za a biyo ku gida da dare, kawun wane ko abokin maigida, a ce a rufa asiri, mutumin yana da iyali. Ku ba su ruwa, ku gaisa da mutunci, ku ce magana tana hannun kwamiti. Shi ya sa ba a yin bincike mutum ɗaya: ku zama biyu ko uku, da mace a ciki, kuma duk wanda yake da dangantaka da ɗayansu ya janye. Bayan an yanke hukunci, ku riƙa leƙa mai ƙarar har wasu watanni, ku duba ko an canza mata lokacin aiki ko an fara ƙirƙiro mata laifi.