Ruwan taya bai wadatar ba, sai da muka rataya duro

Wanda ya sayar mini da ƙaramar taraktar nan ya haɗa mata bokiti a gaba, ya karɓi kuɗinsa, bai ce mini uffan ba a kan nauyin da ya kamata a sa mata a baya. Har yau abin yana ci mini rai.

A gidan bulona da ke Dakata a Kano take aiki, tana ɗebo yashi daga inda tifa ta juye zuwa bakin inji. Da rani lafiya lau. Da ruwan Agusta ya jiƙa yashin, yaron da ke tuƙi ya ciko bokiti, ya ɗaga sama, ya karya kwana, sai ga tayar baya ta hagu ta bar ƙasa. Allah ne ya kiyaye, ya yi maza ya saki bokitin. Birkin irin wannan tarakta a tayoyin baya yake, in suka yi sakayau ba mai tsayar da ita.

Kowa ya ce a ɗura wa tayoyin baya ruwa don su yi nauyi. Muka ɗura kashi uku cikin huɗu, daidai bakin bawul idan yana sama. Baya ya zauna, hankalina ya kwanta.

Ashe ruwan taya danne baya kawai yake yi, ba ya rage wa gaba ko kilo ɗaya. Duk nauyin jiƙaƙƙen yashin nan a kan ƙananan tayoyin gaba yake sauka. Kafin damina ta wuce boris ɗin tayoyin gaba ya ci, mai ya fara tsiyaya, aiki ya tsaya cik alhali masu gini na jiran bulo. Makanikin da ya kwance ta ne ya fahimtar da ni cewa sai nauyi ya rataya can bayan tayoyin baya kafin ya ɗage wa gaba, kamar sikeli.

Na sayo duro mai lita 200 da rodi mai kauri a Ƙofar Ruwa. Mai walda ya soka rodin ta tsakiya, muka cika da kankare, ya kai kusan kilo 480. Muka maƙala shi a ƙarafunan nan uku da ake ɗaura garma, ƙasa-ƙasa. Kowa ya duba littafin taraktarsa tukuna, don ba kowacce ke ɗaukar wannan nauyin ba.

Ranar sitiyari ya yi laushi a hannu. Ruwan tayar yana nan, ban zubar ba, kuma na hana kowa tafiya da bokiti a sama. Kuɗin duro da simintin nan ko kusa da na gyaran boris bai kai ba, kuma mai sayarwar ya san haka sarai.