Juma'ar da na kalli tseren motocin lantarki a Jidda

Juma'a, 14 ga Fabrairu, 2025

Ƙarfe ɗayan dare ta gota, barci ya ƙi zuwa. Gara in rubuta abin da na gani yau tun yana da ɗumi a raina.

Mako uku ke nan ɗan yayata ya sa ni gaba da zancen Formula E, gasar motocin tsere masu kujera ɗaya da ba sa shan fetur sai caji. Shi a nan Jidda aka haife shi, duk wani abu mai taya ya san labarinsa. Ya ce min, "Kawu, kai da sana'arka gyaran wutar mota ce, a kawo wannan har ƙofar gida kuma ka ƙi zuwa?" Maganarsa ta shige ni. Shi ya yankar mana tikiti ta intanet. Yau ba ma buɗe gareji, don haka da aka sauko daga masallaci muka ci abinci, muka ɗan kishingiɗa, bayan la'asar muka kama hanyar bakin teku.

Tun 2018 ake yin wannan tsere a Saudiyya, amma a Diriyya kusa da Riyad. Bana ne aka fara kawo shi Jidda, a kan titin nan na gaɓar Bahar Maliya inda ake Formula 1, babbar gasar tseren motoci masu shan mai. Sai dai an gajarta shi zuwa kamar kilomita 3, aka kuma ƙara masa kwanoni masu tsauri. Na tambayi yaron dalili, tunda ni a ganina miƙaƙƙen titi shi ne daɗin gudu. Ya ce ai su birki abinci ne a wurinsu. Nan take na gane. Idan direba ya rage gudu, injin lantarkin da ke tura motar sai ya juye ya zama janareto, ya mayar da wuta cikin batir. Akwai ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kuma a haɗe suna iya dawo da kilowat 600. Wajen kashi 40 cikin 100 na wutar da mota ke ƙonawa a tseren daga birki take fitowa. Shekara goma sha ina gyaran abin da ke caja batir a motocin mutane, ban taɓa tunanin zan ga an gina wasa sukutum a kan wannan dabarar ba.

Mun yi magariba a can. Duhu na shiga aka kunna fitilu, titin ya yi fes kamar rana, iskar teku tana kaɗawa da ɗan sanyinta.

Abin da ya fara kama ni shi ne ƙarar. Motoci 22 suka tashi lokaci guda, na damƙe kujera ina jiran rugugi, sai na ji wani siririn fito mai kaifi, irin na jirgin sama lokacin da yake shirin tashi. A ƙarƙashin fiton kana jin komai: kukan taya a kwana, ƙarar ƙasan mota idan ta hau dakalin gefen titi, har ƙas ɗin da ake ji idan wata ta gogi wata. Babu hayaƙi, babu warin mai, sai ƙaurin roba. Muna hira da yaron ba tare da ɗaga murya sosai ba. A layin gabanmu wata mata ce da 'ya'yanta ƙanana, ƙaramar ta ɗora haɓa a kan ƙarfe tana bin motocin da ido, ko toshe kunne ba ta yi ba.

Yau ne kuma karon farko a tarihin gasar da aka gwada abin da suke kira Pit Boost, wato tsayawa caji a tsakiyar tsere. A babban allo muka gani. Mota ta shigo ta tsaya cak, mutum ya soka mata kan caja ta baya, direba yana zaune a ciki hannunsa a kan sitiyari. Sakan 30 ana ɗura mata wuta da ƙarfin kilowat 600, ta samu ƙarin kashi 10 cikin 100, a zare, ta fice. Na ƙirga sakan ɗin da bakina. Ni na san yadda waya ke ɗaukar zafi idan wuta ta fi ƙarfinta, na sha ganin wadda ta narke a hannuna, don haka duk tsawon sakan talatin ɗin nan hankalina na kan kebul ɗin. Wanda ya ƙera abin da zai jure wannan, ya san aikinsa.

Yaron ya tuna min cewa da aka fara gasar a Beijin a 2014, batir ba ya kai mota ƙarshen tsere. Sai direba ya shigo a tsakiya, ya diro daga wannan ya faɗa wata da aka caja. Haka aka yi ta yi har 2018. Shekara goma kacal tsakanin wancan da abin da na gani yau.

Akwai kuma Attack Mode, wanda da farko ya ruɗa ni. Sai ka ga direba da gangan ya bar layi mai kyau ya bi ta wajen kwana, har a wuce shi. Ashe wurin da ya taka ne ke buɗe masa ƙarin ƙarfi, daga kilowat 300 zuwa 350, tayoyi huɗun duka su riƙa ja na 'yan mintuna. Ka ba da kaɗan yanzu ka karɓi da yawa an jima, in lissafinka ya yi daidai. In bai yi ba, ka yi asarar wuri a banza.

Amma abin da ya hana ni barci shi ne zagayen ƙarshe. A allo ana nuna kason wutar da ya rage wa kowane direba, lambobin suna ta sauka. Oliver Rowland, ɗan Ingila mai tuƙa wa Nissan, shi ne a gaba. Maximilian Günther, Bajamushe mai tuƙa wa ƙungiyar DS Penske, wanda ya tashi a sahun farko, yana manne da shi kamar kaska. Na riga na ba Rowland nasara a zuciyata. Yaron ya riƙe min hannu ya ce, "Kawu, bar kallon motar, kalli lambar." A kwanar ƙarshe, ana hango layin gamawa, Günther ya kutsa ya wuce. Wurin ya kaure da ihu, na tsinci kaina a tsaye. Rowland ya zo na biyu, na uku kuma Taylor Barnard na McLaren, yaro ɗan shekara 20.

Na ji wasu a gareji suna cewa wannan ba tsere ba ne, tunda direba yana ɗaga ƙafa yana tattalin wuta maimakon ya take har ƙasa. Ban yarda da su ba, yau ma na ƙara tabbata. Duk wanda ya tashi a Kano ya san abin da ake nufi da tattalin caji: ka duba waya ka ga saura kashi tara, ka lissafa kiran da ya zama dole da wanda zai iya jira har a kawo wuta. Mutanen nan wannan lissafin suke yi, a guje, tsakanin katanga biyu, wani yana hura musu wuta a ƙeya. Ni wannan ya fi burge ni a kan ƙarfin inji zalla.

A hanyar dawowa cunkoso ya riƙe mu kusan awa guda. Na yi wa ƙanena da ke haɗa sola a gida saƙon murya mai tsawo, na ba shi labarin cajin sakan talatin. Ya amso da tambaya ɗaya: kaurin kebul ɗin nawa ne? Gobe akwai tsere na biyu, amma ina da motoci uku da ke jirana a gareji, ga azumi saura mako biyu kowa na son a gama masa tasa. Na ce wa yaron ya je, ya ɗauko min hoton cajar nan daga kusa in ya samu hali.