Ranar da karaban ya kaɗa mana wutsiya a gangaren Shap

Da hannuna na shafa giris ɗin, babu wanda ya sa ni. Daren da za mu tashi daga Birmingham na zagaya bayan motar Yaya da tocila, na ga dunƙulen ƙarfen nan da ake maƙala abin ja a kansa ya bushe ƙayau, har da ɗan tsatsa a wuyansa. Ni kuwa tun tasowata abin da na sani shi ne ba a barin ƙarfe ya gogi ƙarfe a bushe. Na lakato giris da yatsa na mulke shi tas, na goge hannu, na je na kwanta ina jin na yi abin kirki.

Abin da za mu ja karaban ne, wato ɗaki sukutum a kan taya biyu, da gadaje da murhu da banɗaki, tafi-da-gidanka na ainihi tun kafin waya ta ƙwace sunan. Yaya ya saye shi na hannu, kuma wannan ce doguwar tafiyarsa ta farko: Keswick muka nufa, can yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila, kusan mil 200. Ni ne direba, Yaya a gefena, yaransa biyu a baya. Tun ƙarshen 2021 aka soke jarrabawar tuƙi ta musamman da ake yi kafin a ja irin wannan kaya a Birtaniya, saboda haka doka ba ta tambaye ni ko na iya ba, ni ma ban tambayi kaina ba.

A takarda dai komai daidai yake. Motar kilo 1,700 ce ba kaya, karaban ɗin kuma iyakar nauyinsa da kaya 1,400. Ƙungiyoyin masu karaban na Ingila suna ba sabon shiga shawara kada abin da yake ja ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motarsa, mu kuma muna wajen 82. Yaya ya yi wannan lissafi ya fi sau uku, yana jin daɗinsa.

Inda muka saɓa shi ne kan mahaɗin. A hancin karaban ɗin akwai wani kai na kamfanin AL-KO mai dogon hannu: in ka zaunar da shi kan dunƙulen, sai ka danne hannun ƙasa. Yaya ya ce wannan kayan mutanen da ne. Motarsa tana da kwamfutar da ke jin tangaɗin abin da take ja, ta gyara da kanta, to me wani hannun ƙarfe zai ƙara? Na ce ai ba don ado aka sa shi ba. Gaskiya ni ma ban san aikinsa ba, musu kawai nake yi. Na dai lura da safen nan hannun ya danne suɓul, ba gardama, har na yaba wa giris ɗina a zuci.

Lodi kuwa mun yi shi yadda ake lodin ɗaki, ba yadda ake lodin mota ba. Can ƙuryar baya ƙarƙashin gado ne ke da fili, sai muka tura jakar rumfa da sandunanta, da batirin ko-ta-kwana, da jarkokin ruwa biyu cike, muka jingina kekunan yara a kai. Da aka zo haɗawa na ɗaga hancin karaban ɗin ba ko nishi. Har na ce wa yaran su zo su ga ƙarfin baffansu.

Muka hau babban titin M6. Mai jan karaban a babban titin Ingila iyakarsa mil 60 a awa, kuma in titin mai layi uku ne an hana shi shiga na can ƙarshe. Na tsaya a 58, manyan motoci suna 56 ɗinsu, muna tafe kamar ayari. A gadar Thelwall, wadda ta haye kogin Mersey da mashigin jiragen ruwa na Manchester, iska ta ɗan taɓa mu, na ji bayan motar ya motsa kamar wani ya ture kujerata da gwiwa. Na duba madubi, farin bangon karaban ɗin ya leƙo ta dama, ya koma, ya leƙo ta hagu, ya lafa. Ban ce komai ba. Muka wuce Preston, inda aka buɗe babban titi irin wannan na farko a Birtaniya a 1958, muka wuce Lancaster, ƙasa ta fara tashi. Kwazazzabon kogin Lune wuri ne da ko direba sai ya saci kallo: titi da layin dogo da kogi sun matsu a tsakanin tuddai masu santsi kamar an aske su, tumaki farare warwatse a jikinsu. Hawa ba ya ba karaban matsala, domin mota tana janye da shi, igiya a miƙe take. Har muka kai ƙololuwar tudun Shap, mita 316, na manta da abin da ya faru a gada.

A gangara ne labari ya sauya. Akwai wata tirela mai dakon motoci a gabana, hawa biyu, tana tafiyar hawainiya. Na fita layin tsakiya zan wuce ta. Ban taka totur sosai ba, amma gangara ta ƙara min abin da ban roƙa ba, na ga allura ta haura 65. Ina fitowa daga inuwar tirelar iskar filin nan ta buge mu a gefe ɗaya.

Leƙowar farko irin ta gada ce. Ta biyu ta fi ta. Ta uku sai na ga rubutun gefen karaban ɗin gaba ɗaya a madubi, abin da bai kamata ido ya gani daga kujerar direba ba. Sitiyari ya yi sako-sako a hannuna, bayan motar yana bin karaban ɗin duk inda ya je, kamar wutsiya ce ke kaɗa kare. Yaya ya dafe dashbod yana salati. Ƙafata ta tafi birki da kanta, amma kafin in taka, motar ta riga ni. Wata fitila ruwan ɗorawa ta hau ƙyaftawa a gabana, injin ya mutu murus kamar an shaƙe shi, sai na ji gurrr ta gaba dama, gurrr ta gaba hagu, motar tana cizon taya ɗaya tana saki tana cizon ɗayar. Bel ya riƙe mu a ƙirji. Ni dai na ƙanƙame sitiyari a miƙe, na ɗauke ƙafa daga komai. Lilon ya ragu, ya ƙara raguwa, ya mutu. Duka-duka bai fi a ƙirga goma ba. Mai tirelar ya ja baya ya ba mu fili, ya ƙyafta mana fitila, na koma layin hagu ina 45, gwiwata tana rawa.

Can ƙaramar ta ce daga baya, “Baffa, a sake!”

Babu wanda ya yi dariya sai da muka sauka a Penrith. Daga nan muka bi A66 muka yi yamma, dutsen Blencathra a damanmu, motoci sun yi jerin gwano a bayana, ban damu ba. Yaya ya ce, “Ka gani ko? Kwamfutar da kake rainawa.” Na ce, “Yaya, na gani. Amma me ya sa har aka kai ga ta?”

Amsar tana zango, a hannun wani dattijo da ya yi fakin kusa da mu, wanda ya ce ya fi shekara talatin yana jan karaban. Ya zo taya mu kwancewa ne kawai. Da kan mahaɗin ya tashi ya ga dunƙulen yana ƙyalli, sai ya shafa da yatsa, ya duba yatsan, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Bai tambayi wanda ya yi ba, Allah ya saka masa. Ya sa na durƙusa na leƙa cikin kan da tocila. Ashe akwai wasu ƴan faya-fayai huɗu a ciki irin na birki, biyu a gefe, ɗaya gaba, ɗaya baya. In ka danne dogon hannun nan, su ne ke matse dunƙulen, mai kaurin milimita 50, su riƙe shi tamau, yadda karaban ba zai juya a kansa a banza ba. Duk ƙaramin motsin da iska ko ramin titi ya tayar, gogayyar nan ce ke cinye shi tun yana jariri. Mahaɗi na gargajiya, wanda ba shi da faya-fayan, shi ne ke son giris. Wannan kuwa ko fenti ba a bari a kan dunƙulensa, sai an kankare. Wato na ɗauki birki na shafa masa mai.

Sai ya tafi ya ɗauko sikelin banɗaki da guntun katako. Ya tsayar da katakon a kan sikelin, ya sauke hancin karaban ɗin a kai daidai tsayin da yake zama a mota. Kilo 35. Abin da ake so shi ne kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin karaban da kayansa, wato a namu daga 70 har kusan 100, muddin bai wuce abin da mai motar ya ƙayyade wa ƙugiyarta ba. Wannan karon Yaya ne ya sunkuyar da kai, don shi ya ce a tura jarkokin baya. Kaya mai nauyi a ƙarshen wutsiya abu biyu yake yi: yana ɗage hanci, ya rage wa tayoyin bayan mota kamun ƙasa, kuma in lilo ya fara shi ne ke ba shi ƙarfi, kamar dutse a bakin majajjawa. Kowace mota da abin da take ja suna da wani gudu wanda in an haura shi lilo ba ya mutuwa da kansa, sai dai ya girma. Mugun lodi yana sauko da wannan gudun ƙasa. Gangara kuma tana sa karaban ya riƙa turo mota maimakon ta ja shi. Mun haɗa duka ukun, muka ƙara da iska.

A daren nan, bayan yara sun yi barci, muka koma kan musunmu, amma yanzu kowa da ɗan abin da ya sani. Kwamfutar da Yaya ke taƙama da ita reshe ce ta na'urar hana mota zamewa, wadda Bosch da Mercedes suka fara fitarwa a 1995, kuma tun Nuwamban 2014 ta zama dole a kan kowace sabuwar mota a Tarayyar Turai. Tana da abin da ke jin yadda mota ke juyawa a kan kanta. In ta ji juyin yana zuwa dama da hagu a jere alhali sitiyari bai motsa ba, sai ta gane daga baya ne, ta rage wa inji ƙarfi, ta riƙa kama birkin tayoyin gaba ɗaya bayan ɗaya don ta karya lilon. Babu ƙafar ɗan Adam da za ta iya taka birkin taya ɗaya ta bar uku. Nan kam na sallama wa Yaya. Mun ma ci sa'a: a motoci da yawa sai an yi wayarin ɗin ƙugiyar irin na motar, an kuma shaida wa kwamfutar, kafin ta san an jona mata wani abu. Wanda ya riƙe motar kafin Yaya bai yi arahar wayarin ba, shi ya sa muke ba da labari da bakinmu.

Amma ita ba ta farkawa sai bayan motar kanta ta fara layi. Kafin nan karaban ya riga ya yi nisa. Faya-fayan nan kuwa ba su da wayo ko kaɗan, kuma in lilo ya yi ƙarfi ba za su iya tsayar da shi ba, sai dai aikinsu tun daga ƙofar gida yake farawa, ba ka ma sanin suna yi. Ni a ganina tambayar wanne ya fi ba ta taso ba, tun da ba lokaci ɗaya suke aiki ba. Dattijon ma nasa uku ne: a ƙarƙashin karabansa akwai wata na'urar lantarki, ATC, da ke jin lilo a jikin karaban ɗin kansa, ta ja masa birkinsa na ƴan daƙiƙu har ya miƙe a bayan mota. Ya nuna mana ƴar koriyar fitilarta a kan hancin.

Yaya bai ba da kai duka ba, kuma ya sami abin riƙewa daga bakin dattijon, wanda ke zuwa Jamus da rani. A can mai jan karaban iyakarsa kilomita 80 a awa, sai in ya sami takardar izinin 100. Cikin sharuɗɗan akwai cewa tayoyin karaban kada su kai shekara shida, kuma nauyinsa kada ya wuce kashi 80 cikin ɗari na motar ba kaya. Amma ana ɗaga wannan zuwa ɗari bisa ɗari in akwai mahaɗi mai faya-fayai, ko kuma in motar tana da irin waccan kwamfutar. Ko wannan ko wancan. Yaya ya ce to ga shi, Jamusawa ma sun ce ɗaya ya isa. Na ce Jamusawa ba su san akwai mai loda jarkoki a ƙarƙashin gado ba. Ya ce ba su kuma san akwai mai yawo da giris cikin dare ba. A nan muka tsaya.

Kwana huɗu muka yi a Keswick. Mun zagaya bakin tafkin Derwentwater, yara sun jiƙe, dutsen Skiddaw bai cire hular gajimarensa ba ko sau ɗaya. Rana guda cikinsu ta tafi a gyara. Faya-fayan sun sha mai, ba su da magani, muka sayo sababbi. Na wanke dunƙulen da ruwan wanke birki, na bi shi da samfefa mai laushi har ya yi fari. Da na zo danne hannun a wannan karon sai da na sa nauyin jikina.

Ranar komawa muka zubar da ruwan jarkokin. Rumfa da batir suka kwanta a ƙasa daidai bisa tayoyi, kekuna suka hau kan mota. Sikelin dattijon ya nuna 80. Muka sake hawa Shap ta ɗaya gefen, na sauka gangaren Tebay ina 55, na bar wata tirela ta yi ta tafiya a gabana har Lancaster ban ji kunya ba. A Thelwall iska tana nan yadda muka bar ta. Wata doguwar bas ta wuce mu fuu, na ji turin, na ji jan, na kai ido madubi: bangon ya leƙo sau ɗaya ya koma wurinsa. Fitilar ruwan ɗorawar ba ta ƙyafta ba har gida.

Da muka kwance a ƙofar gida, Yaya ya zagaya baya ya shafa dunƙulen da yatsa, ya ɗago yatsan ya nuna min, bai ce uffan ba. Har yau haka yake yi duk lokacin da zan tuƙa.