Hular Wayoyi a Osaka

Tun a filin jirgi jami'i ya zazzage jakata tas, ya ɗauke kilishin da na yo guzuri, wai ba a shiga Japan da nama. Da ya gama kuma ya rusuna mini. Ban taɓa ganin ƙwace cikin ladabi irin wannan ba.

Aikina gashin ƙashi ne, galibin majinyatana a Kano masu shanyewar ɓarin jiki ne, abin da ya kai ni wani asibiti a Osaka ke nan. Can na tarar da wani dattijo yana takawa a kan injin motsa jiki, an rataye shi da ɗamara kada ya faɗi, kansa sanye da hula mai wayoyi birjik. Na'urar hular, mai suna fNIRS, aikin ƙwaƙwalwa take aunawa; haske take harbawa wanda ido ba ya gani. Ya ratsa fata da ƙoƙon kai, wani idon na'ura da ke santimita 3 daga inda hasken ya fito ya kama abin da ya dawo. Sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki ya fi jan jini mai iskar oksijin, sai allo ya nuna shi ja. Saman ƙwaƙwalwa kaɗai take gani, amma a na'urar ɗaukar hoto ta MRI kwance ake ba motsi, nan kuwa mutum tafiyarsa yake. Da ita wani likitan Japan, Ichiro Miyai, da abokan aikinsa suka nuna a 2003 cewa yayin da takun majinyaci ke gyaruwa, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ciwon ya taɓa yana komawa aiki, bambancinsa da ɓangare mai lafiyar yana raguwa. Mu a gida da ido muke auna sauƙi, shi ma sai bayan dangi sun gama yawon maganin iska.

Na ce a gwada a kaina. Ma'aikaciyar ta sallami mazan ɗakin kafin in cire ɗankwali, ban ma roƙa ba. Baƙin gashi shanye hasken yake, allo shiru. Sai ta lura da tsagar kitsona, ta riƙa ɗora idanun a kai da ɗan tsinke. Na dunƙule hannu, bayan 'yan daƙiƙoƙi layin da ke allon ya ɗaga.

Tsada kuwa ba a magana. Kuɗin kankana ɗaya ya ishe ni cefanen yini a 'Yankaba. Na ba mai tasi tukuici ya mayar mini. Ranar Juma'a na je masallacin Kobe da aka gina a 1935, Kyoto kuma ruwan sama ya hana ni yawo.