Zumar Hajiya da tarin Duna

Hunturun bara ne, lokacin da ƙurar nan ke sa leɓe ya tsattsage, Duna ya fara wani irin tari cikin dare. Duna karenmu ne na gadi, baƙi ne wuluk shi yasa sunan ya bi shi, shekararsa 4 kuma kilo 22 ya yi ranar da aka ɗora shi a sikeli. Tarin busasshe ne kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, sai ya yi ta kakari yana miƙa wuya a ƙarshe ya tofar da ɗan farin kumfa shikenan, can anjima kuma ya dasa daga farko. Kwana biyu babu wanda ya yi barcin kirki a gidan.

Rana ta uku bayan sallar asuba Hajiya tace min "kai wai ba ka jin yadda dabbar nan ke wahala ne, ka ba shi zuma mana." Ƙanena da ke kwance a tabarma ya ɗago yace "haba Hajiya, zumar da mu kanmu sai mutum ya kwanta ciwo kike buɗe ta, ita za a ba kare?" Tace "rufe min baki, mutumin da ya ɗebo wa kare ruwa a takalminsa ma gafara ya samu, balle wanda ke kwana a sanyi yana tsare maka babur." Magana ta ƙare a nan.

Ni dai ban ba shi a take ba, sai da na kira likitan dabbobin da ke yi masa allura, na sa masa waya kusa da kejin ya ji tarin da kunnensa. Ya tambaye ni ko yana cin abinci, ko majina na zuba daga hancinsa, ko ya haɗu da wasu karnuka kwanan nan, nace abinci kam yana ci har da lashe kwano, kuma eh karnukan layinmu na shigowa ta kafar katanga. Yace da alama tarin nan ne da karnuka ke ɗauka a junansu in sun cakuɗu, yawanci cikin sati 1 zuwa 3 yake wucewa da kansa. Zuma kuwa yace "Malam ba shi, amma cokalin shayi fa, ba ludayi ba." Ƙaramin kare kwatan cokali ya ishe shi a rana, irin Duna rabi zuwa cokali ɗaya, a dama a ɗan ruwa mai ɗumi ko a bar shi ya lasa. Ya ja min kunne cewa in ya daina cin abinci ko numfashinsa ya canza to in kawo shi, don ba kowane tari ne na maƙogwaro ba, akwai na huhu akwai na zuciya kuma zuma ba ruwanta da waɗannan.

Wallahi daren nan mun samu barci. Ba wai tarin ya ɗauke ba ne, ya dai ragu, sai wajen kwana 10 ya rabu da shi gaba ɗaya. Kuma in faɗi gaskiya ba zan ce zuma ce ta warkar da shi ba tunda dama ciwon mai wucewa ne, abin da ta yi shi ne ta lulluɓe maƙogwaron ta rage masa ƙaiƙayi, kamar yadda take yi mana mu ma in an haɗa da lemon tsami.

Daga nan ne fa na wuce gona da iri. Da zafi ya shigo ƙudaje suka tasa kunnen Duna a gaba, duk mai kare ya san wannan masifar, bakin kunnen ya koma jawur yana ɓawo yana jini. Nace ai ga magani a gida. Na lakuta zuma na shafe masa kunnuwan duka biyu na tafi kasuwa hankalina kwance. Da na dawo la'asar sai na tarar ƙudan sun ninka, kiyashi sun yi layi tun daga gindin katanga har kansa, shi kuma sai girgiza kai yake yana sosawa da ƙafa har ya ƙara yage wurin. Kunya ta hana ni gaya wa Hajiya, ƙanena kuwa har yau in ya so tsokana sai ya ce min dakta.

Abin haushin shi ne zuma na taimaka wa rauni da gaske, likitocin dabbobi da kansu na amfani da ita. Kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, ruwan cikinta bai wuce kashi 17 zuwa 18 ba, saboda haka tana zuƙe ruwan jikin ƙwayoyin cuta su kasa hayayyafa, tana da ɗan tsami da ba sa so, sannan in ta haɗu da danshin ciwo tana fitar da haidirojin feroksaid kaɗan kaɗan, irin wanda ake zubawa a miki yana kumfa. Amma su wanke ciwon suke fara yi, su sa zumar a jikin auduga su naɗe da bandeji su riƙa canzawa, kuma wadda ake yi don asibiti an riga an kashe ƙwayoyin da ke cikinta, da yawa ma zumar manuka ce ta ƙasar Niyu Zilan. Ni kuwa ta jarka na shafa na bar ta a fili, ai walima na shirya wa ƙudaje.

Ɗan kwikwiyon da bai kai shekara 1 ba kar a ba shi ɗanyar zuma sam, dalili ɗaya ne da wanda ya sa ake hana jarirai ita kafin su cika shekara, wani lokaci tana ɗauke da ƙwayar botulizim mai shanye jiki wadda cikin babba ke iya murƙushewa amma na ƙarami bai yi ƙwari ba tukuna. Haka karen da ke da ciwon suga, eh karnuka ma suna yi, da wanda ƙiba ta yi wa yawa, da wanda ciwo ya riga ya raunana. Cokalin shayi ɗaya kalori 21 ne, ba komai ba ne a jikin mutum amma in kullum ne a jikin kare yana taruwa, ga ruɓewar haƙori, in kuma aka cika masa ya sha gudawa ce za ta biyo baya. Maganar da ake yaɗawa wai tana maganin ƙaiƙayin fata da borin jini, babu ƙwaƙƙwarar hujja a kai, karen da ke susa ka fara duba kaska da ƙuma tukuna.

Sai kuma ita kanta zumar. Kowane mai jarka a tasha rantsuwa zai yi maka cewa farar saƙa ce daga Mambila, ka je gida ka tarar dafaffen sukari ne. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Wadda ta fi haɗari ita ce irin ta kwalba da ake shigowa da ita don masu ciwon suga, mai kama da zuma amma ba sukari, wasu ana sa musu wani sinadarin zaƙi zailitol, a jikin kwalbar da harafin x sunan ke farawa, mutum ya sha lafiya lau amma kare kaɗan ya isa ya faɗar masa da suga ya lalata hanta.

Kawuna mafarauci ne, da na ba shi labarin kunnen sai da ya yi dariya har da hawaye, sannan yace "ɗan nan ai mu ba a kunne muke sa ta ba." Ashe in karensa ya wuni yana bin zomo bai ci komai ba har ya fara tangaɗi ƙafafu na rawa, ɗan zuma yake goga masa a dasashi ya kwantar da shi a inuwa. Likita ya tabbatar min wannan daidai ne, sukarin jini ne ke yin ƙasa kuma karnukan farauta na yin haka, sai dai a shafa ne kawai kar a ɗura wa karen da ya suma don zai shaƙe. Ya ƙara da wata magana da ta tsaya min a rai, cewa karen da ke tangaɗi yana dalalar da yawu ba lallai yunwa ba ce, yana iya zama ciwon hauka, kuma wanda ya sa yatsa a bakin irin wannan ya sayi wahala da kuɗinsa. In ba karenka ba ne da ka san an yi masa allurar rigakafi to ka tsaya nesa. Allurar nan har a gida Najeriya ana yin ta a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, kuma sau ɗaya ce a shekara, wannan satin na sa aka sabunta ta Duna.

Kunnen dai maganin shafawa na likita ne ya warkar da shi, da sharar kashin da muka riƙa yi safe da yamma don ƙudan su ragu. Zumar kuwa Hajiya ta mayar da ita cikin kabad ta kulle, mukullin na ƙugunta. Duna yanzu ko shayi ake motsawa a kicin ya ji ƙarar cokali a jikin kofi sai ka gan shi a bakin ƙofa yana kaɗa wutsiya.