A daina shan mai kwana ɗaya, sai farashi ya sauko?

Sau uku saƙon nan ya shigo mani a WhatsApp rana guda, daga guruf ɗin unguwarmu, da na abokan makaranta, sannan ƙanwata ta sake turo mani da dare. Wai kowa ya ƙaurace wa gidajen mai ranar Laraba, kar a sha ko lita ɗaya, in aka yi haka masu mai za su ji a jikinsu dole su sauko da farashi. Wallahi ban ga laifin wanda ya rubuta ba, don ni ma abin ya ishe ni. Kafin ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, cikin 'yan kwanaki ta haura 500 a nan arewa, zuwa Oktoba 2024 ta wuce 1,000. Wanda duk ke ajiye iyali a garin nan ya san abin da wannan ya yi wa tukunyar gidanshi.

Amma ga abin da na gani da idona. Ranar Talata da yamma na biyo ta Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, layin da ke wani gidan mai ya fi na kullum tsawo, mashina da kekuna da masu jarka, kuma da yawansu irin mutanenmu ne da suka ce sun shiga ƙauracewar, kowa na cika tanki don kar gobe ta same shi ba mai. To man da za a sha Laraba an sha shi Talata, wanda bai samu ba ya bari sai Alhamis. Mai gidan man in ya yi lissafin sati, abin da ya saba saidawa shi ya saida. Fetur ba tumatir ba ne da zai ruɓe a kwando in bai samu mai saye ba, yana nan kwance cikin tankin ƙasa yana jiranmu.

Da safen Larabar na ci karo da wani yaron maƙwabcinmu mai tuƙa keke napep yana goge gilashi zai fita. Na ce ƙanena ba ka ga saƙon ba ne? Ya ce Yaya na gani mana, amma keken ba nawa ba ne, mai shi balans ɗinshi yake jira da magariba ko na fita ko ban fita ba, ga Inna ba lafiya. Ban iya ce mashi komai ba. Shi da ɗan acaɓa da mai injin markaɗe da mai cajin waya da janareta, su ne ke shan man kaɗan kaɗan kullum, kuma su ne in suka tsaya yini guda ba a ɗora tukunya a gidansu ba. Mai babbar mota da ya cika tanki tun Litinin bai rasa komai ba.

Mutane na yawan kawo mani misalin 2012, kuma gaskiya ne an yi nasara a lokacin. Ranar 1 ga Janairu gwamnatin Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, bankuna da kasuwanni da filayen jirgi suka tsaya, kafin a yi sati biyu aka dawo da ita 97. Sai dai wannan ba ƙin sayen mai ba ne, ƙasa ce gaba ɗaya aka tsayar, kuma a lokacin gwamnati ce ke yanka farashi da bakinta, akwai wanda za a matsa wa ya sauko. Yanzu an ce kasuwa ce ke yi, kuɗin gangar ɗanyen mai a duniya, da dala da ta tashi daga ƙasa da 500 zuwa sama da 1,500 bayan an saki naira a 2023, da kuɗin tankar da za ta ɗauko man tun daga Legas ta kawo shi Katsina. Ko matatar Dangote da ta fara saida fetur a Satumba 2024, a Lekki take can Legas, kuma ɗanyen man da take tacewa da farashin duniya ake mata lissafinshi. Mai gidan man da ke bakin titinmu shi ne na ƙarshe a layin, ribarshi kan lita ba ta kai kusa da abin da muke zato ba.

Lokacin da na ga rashin saye ya karya farashi da gaske shi ne lokacin korona a 2020, da duniya ta kulle, jirage suka sauka motoci suka tsaya wata da watanni, har a nan gida aka rage lita daga 145 zuwa 125. Kenan sai an rage ƙona man ne na tsawon lokaci, ba a ɗage ranar sayenshi ba. Su ma Amurka sun sha yaɗa irin wannan saƙon na kwana ɗaya tun shekarun baya, bai sauke masu farashi ba.

Inda na yarda ƙauracewa na aiki shi ne a kan gidan mai guda. Akwai wani da muka daɗe muna zargin an matse mashi mita, ka biya kuɗin lita huɗu ka zuba a galan ka ga bai kai ba. 'Yan acaɓar wajen suka faɗa wa junansu, suka koma na gaba da shi, ba a daɗe ba wurin ya zama fayau sai da aka gyara famfon. Wannan ya yiwu ne don akwai wani wurin zuwa, kuma kuɗin da ya rasa bai dawo mashi washegari ba.

Ni dai yanzu hankalina ya fi karkata ga abin da kawuna ya yi. Yana noman rani wajen Ajiwa, albasa da tattasai, da can kowane ban-ruwa sai ya sayi fetur na injin, wani lokacin ma wurin 'yan bumburutu da tsada don gidan mai ya yi mashi nisa. Shi da wasu maƙwabtan gonarshi biyu suka haɗa kuɗi, ya saida raguna, suka sayi famfo mai amfani da hasken rana. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma na san ba kowa zai iya ba, shi ya sa nake ganin in za mu haɗa kai mu matsa wa hukuma, to mu matsa a kan rancen sola ga manoma, da wuraren shan gas na CNG a nan kusa tunda an yi ta maganarshi tun 2023, da ƙarin motocin haya na gwamnati masu sauƙi zuwa Daura da Jibiya da Funtua.

Ranar da na je gonar na tarar da ruwa na kwarara cikin kwami ba ƙarar inji ba hayaƙi. Na ce Kawu ina jarkarka ta fetur? Ya nuna mani ita rataye a reshen darbejiya, ya ce tun farkon rani bai sauke ta ba.